An ce cutar ta kwanta a jinina, amma maleriya da gudawa sun ƙi barina, ina matsalar take?

Bawan Allah:

Assalamu alaikum jama'a. Don Allah a yi haƙuri da tsawon rubutun, abin ya daɗe yana cina ne kuma ba ni da wanda zan tambaya ido da ido sai nan da ba a san fuskata ba. Ni magidanci ne shekarata 36, ina ɗauke da cutar nan mai karya garkuwar jiki, wato kanjamau. Farkon shekarar nan aka gano bayan na sha jinya har na rame wando ba ya zama a ƙuguna, da aka ɗebi jini aka ce CD4 ɗina, wato ma'aunin garkuwar jikina, 84. Aka ɗora ni kan magani, ƙwaya ɗaya kullum da dare, TLD, kuma Allah shaida ne ban taɓa tsallake ko kwana ɗaya ba. Bayan wata shida aka yi gwajin yawan ƙwayar cutar a jini aka ce ta kwanta, har nas ɗin tana min barka, na dawo gida ina murna na ce shike nan na huta.

To ina hutun. Daminar nan kawai sau uku maleriya tana kayar da ni, kuma ba wai zato ba, kowanne sai da aka yi gwaji aka gani. Ni da tun ina yaro sauro ke cizona, da can sai shekara ta zagayo ban kwanta ba, in na ji jikina ba daɗi Panadol biyu na sha na fita kasuwa. Yanzu kuma ga gudawa ta shiga sati na uku, ruwa zalla ba jini ba majina, wani lokaci sau shida sau bakwai a rana. Na je kemis an ba ni Flagyl na shanye ba canji, aka ce ko tsutsar ciki ce aka ba ni na tsutsa shi ma shiru, na kai bayan gida lab aka ce ba a ga komai ba. Da na koma asibiti aka sake CD4 aka ce 131.

Tambayata ita ce, tunda maganin ya danne cutar me ya sa ƙananan abubuwa irin waɗannan suke ta kayar da ni? Shi wannan CD4 ɗin mene ne ainihin aikinsa da maleriya ko gudawa, ba ƙwayar cutar kawai yake yaƙa ba? Sannan zan faɗi gaskiya, akwai wani farin magani Septrin da ake haɗo min da shi, na daina shansa kusan wata huɗu don na ɗauka na tari ne kuma ni tarin ya tafi, ƙwayoyin sun min yawa. Matata ita ma tana ɗauke da cutar, tana kan magani, tana da cikin wata biyar. Kuma muna da mage a gida, wani ya ce min wai mage hatsari ce ga irinmu, ban sani ba ko gaskiya ne ko camfi. Wanda ya san wani abu ya taimaka don Allah.

Maman Biyu:

Wa alaikumus salam ƙanina. Sannu da jiki, Allah ya ƙara sauƙi. Kafin masu ilimi su zo su yi maka dogon bayani bari ni in ja kunnenka a kan abu ɗaya, Septrin ɗin nan da ka ajiye. Haba kai kuwa. Ni shekarata 11 ina shan magani, yarana biyu na haifa a ciki duk lafiyarsu ƙalau, kuma kuskuren da ka yi ɗin nan shi na yi a shekarata ta biyu, na ce ai na ji sauƙi mene ne na tara ƙwayoyi kamar mai kemis. Daminar da ta biyo baya ban ji da daɗi ba, kwanciya kan kwanciya, sai da wata ma'aikaciya ta zaunar da ni ta ce ke wannan farar ƙwayar da kike rainawa ita ce mai gadin ƙofa kafin sojojin jikinki su dawo. Tun da na koma kansa zazzaɓin ya ja baya sosai, ba wai ya ɗauke gaba ɗaya ba amma ba kamar da ba.

Kuma kada ka bari lambar nan 131 ta karya maka gwiwa. Ni da 60 da wani abu na fara. Tana hawa ne kamar yadda yaro ke girma, ba ka ganin abin a kullum sai wata rana ka ga riga ta masa kaɗan. Gobe gobe ka koma asibitinka ka gaya musu gaskiya ka daina sha, za su yi faɗa ka shanye, ai gara faɗan da kwanciya. Gudawar kuma kada ka tsaya jiran sati na huɗu, ka dinga shan ruwan gishiri da suga ko ORS na leda duk bayan ka zaga, don ita wannan ruwan jiki take tsotsewa a hankali mutum bai ankara ba.

Malamin Lab:

Slm ɗan'uwa, sannu. Ni aikin ɗakin gwaji nake yi, ba likita ba ne, don haka abin da zan faɗa bayani ne ba rubuta magani ba. Amma tambayarka ta CD4 ita ce ainihin wurin da mutane da yawa ke rikicewa, bari in tsaya a kanta.

Gwaje-gwajen nan biyu ba abu ɗaya suke aunawa ba. Gwajin yawan ƙwayar cutar yana ƙirga ɓarawon da ya shigo gida, na CD4 kuma yana ƙirga masu gadin da suka rage. TLD ya kama ɓarawo ya ɗaure, alhamdulillahi, amma masu gadin da ya riga ya kashe cikin shekarun da ba ka san kana da cutar ba, ba rana ɗaya za a maye gurbinsu ba. Mai lafiya CD4 ɗinsa tsakanin 500 ne zuwa 1500 a ɗan ɗigon jinin da muke aunawa. Duk wanda ke ƙasa da 200 ana lissafa shi cikin waɗanda cutar ta yi nisa ko da yana tafiya da ƙafarsa. A shekarar farko ta shan magani yawanci ƙarin 50 zuwa 150 ake samu, kuma wanda ya fara daga ƙasa sosai nasa ya fi yin nawa. Kai ka tashi daga 84 zuwa 131, kana kan hanya, amma har yanzu kana cikin yankin da ƙananan ƙwari ke samun sarari.

Shi CD4 wani nau'in farin ƙwayar jini ne, kuma abin mamaki shi da kansa ba ya cika kisa. Aikinsa ba da umarni. Ka ɗauke shi kamar sarkin yaƙi mai busa ƙaho. Akwai wasu manyan ƙwayoyi a jiki masu haɗiye duk baƙon da suka gani, makurofaj muke ce musu, to wasu ƙwarin suna da wayo, in an haɗiye su ba sa mutuwa sai su yi zamansu a ciki kamar sun samu ɗakin haya. Sai CD4 ya aiko da wani sinadari mai suna intaferon gama sannan makurofaj ɗin zai farga ya narkar da abin da ke cikinsa. Haka ƙwayoyin CD8 waɗanda su ne makasan, suna buƙatar taimakon CD4 kafin su yi ƙarfi su daɗe suna aiki. Haka ma ƙwayoyin da ke ƙera abin da ke manne wa cuta a jini ya yi mata alama, su ma sai da sa hannunsa suke fitar da mai kyau. To kanjamau wannan sarkin yaƙin take bi tana kashewa. Sojoji na nan da makamansu amma ba mai busa musu ƙaho.

Ka duba maleriya yanzu. Abin da ka faɗa cewa da can ba ka kwanciya, gaskiya ne kuma ba ƙarfin hali ba ne, duk babban da ya tashi a inda sauro yake jikinsa ya koyi zama da ƙwayar maleriya, tana shiga jini amma saifa da sauran sojoji suna riƙe ta ba ta yin yawan da za ta kayar da shi. Wannan sabon da jiki ya yi, CD4 ne ke riƙe da shi. In ya faɗi sai babba ya koma kamar ƙaramin yaro ko baƙon da bai taɓa zuwa ƙasar sauro ba, zazzaɓin ya yawaita kuma ya fi tsanani. An daɗe da ganin haka a Uganda, gwargwadon faɗuwar CD4 gwargwadon yawan kwanciya. Kuma a Malawi an ga ɗaya gefen, wanda ba ya kan magani in maleriya ta kama shi yawan ƙwayar kanjamau a jininsa na hawa na wasu makonni, saboda zazzaɓin yana tayar da CD4 su fito aiki, ita kuwa cutar wanda ya tashi aiki ta fi son shiga. Kowanne na buɗe wa ɗan'uwansa ƙofa kenan.

Maman Biyu ta riga ni kan Septrin amma bari in sa lamba. Wani bincike da aka yi a Uganda aka fitar a 2006 ya nuna Septrin kaɗai ya rage maleriya da kashi 76 cikin ɗari a masu cutar, da aka haɗa da maganin kanjamau ya kai 92, da aka ƙara gidan sauro mai magani ya kai 95. Tun 1999 ma aka fitar da binciken da aka yi a Abidjan da ya nuna yana rage kwanciya asibiti. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya a 2014 ta ce a ƙasashen da maleriya ta yi yawa irin namu a ba kowa mai cutar ba tare da duba CD4 ba. Ka ajiye shi wata huɗu da suka wuce, ka lissafa da kanka, daidai shigowar damina kenan.

Gudawa kuma, nan ne aikina, kuma zan faɗi laifinmu. In ka kawo bayan gida aka ce a duba, abin da aka saba shi ne a ɗiga ruwan gishiri a leƙa a madubi a nemi ƙwan tsutsa da amiba. Akwai wasu ƙwari biyu da wannan duban ke yawan tsallakewa, musamman na farkon, kiriftosporidiyom da aisospora. Sai an shafa a gilashi an rina da irin rinin da ake yi wa majinar tarin fuka, an ɗan canza shi, sannan za su fito jajaye. In likita bai rubuta a yi wannan rinin ba galibi ba wanda zai yi, sai a rubuta maka ba a ga komai ba ka tafi gida da gudawarka. Flagyl ba ya taɓa su, maganin tsutsa ma haka. Su a cikin fatar hanji suke zama, kuma hanji shi ne wurin da kanjamau ta fi yi wa CD4 ɓarna tun makonnin farko na kamuwa, kuma na hanjin sun fi na jini jinkirin dawowa. Mai lafiya in kirifto ta kama shi sati ɗaya ko biyu ta wuce da kanta, mai CD4 ƙasa da 100 kuwa tana iya bin sa watanni. A 1993 ta shiga ruwan famfon birnin Milwaukee a Amurka, mutum wajen 400,000 suka yi gudawa, yawancinsu suka warke, waɗanda suka rasu galibinsu masu kanjamau ne. Aisospora tana jin Septrin sosai, shi ne ma maganinta. Kirifto ba ta jin sa, babban maganinta shi ne garkuwar ta dawo, wato ka ci gaba da TLD ɗinka kana mayar da ruwan da ka rasa. Ban ce ɗayansu ke damunka ba, akwai wasu dalilan na gudawa mai daɗewa har da tarin fuka na ciki, amma ka roƙi likitanka ya rubuta wannan gwajin. Kuma ka sani sinadarin kulorin da ake ɗigawa a ruwa ba ya kashe kirifto, tafasawa ce ke kashe ta, ruwan rijiya ne ko na 'yan ga-ruwa a bar shi ya tafasa sosai.

Dan Tasha:

Malam duk wannan dogon turancin na menene. Ka samu ganyen darbejiya da tazargade ka tafasa kana sha safe da yamma kana surace, maleriya bazata kara kusantarka ba, gudawa kuma sabara da yar kanwa. Kakanninmu dame suka rayu kafin zuwan septirin? Ni dai banga amfanin mutum ya maida cikinsa kemis ba wlh, Allah ya baka lafiya

Bako daga Gadarif:

Salamu alaikum 'yan'uwa, ni daga Sudan nake karanta ku, jihar Gadarif, Hausawa muna da yawa a nan tun kakanni. Bayanin Malamin Lab a kan ƙwaron da ke zama cikin makurofaj kamar ɗan haya shi ya sa na kasa yin shiru, don mu nan da idonmu muke ganinsa. Akwai ciwon da ake kira kala-azar, wani ɗan mitsitsin ƙwaro ne da bai kai sauro ba yake kawo shi, ya fi yawa a ƙauyukan bakin kogin Atbara da Rahad inda baƙar ƙasa ke tsagewa da rani kuma akwai itatuwan aduwa. Zazzaɓi ne mai daɗewa, saifa ta kumbura ciki ya fito, mutum ya rame jini ya ƙare, in ba a yi magani ba kisa yake.

Wanda ba shi da kanjamau ana masa allurai iri biyu na kwana 17 kuma yawanci ya warke kenan, jikinsa ya riƙe sauran abin da ya rage har abada. Amma akwai wani ɗan'uwanmu da ya je aikin yankan riɗi wajen iyakar Habasha, can ɓangaren Humera da Metema inda ciwon nan biyu suka fi haɗuwa a jikin leburori, shi sau uku ana masa magani yana dawowa. Likitan ya gaya mana a fili, ya ce allura tana rage ƙwaron ne kawai, mai ƙarasa aikin shi ne garkuwar jiki, shi kuma tasa ba ta nan. Har gwajin jini na gaggawa da ake yi wa kowa, ya ce a masu kanjamau yana iya nuna babu alhali akwai, don jikin ba ya ƙera alamar da gwajin ke nema. Daga 2022 an canza tsarin, masu ciwon biyu ana haɗa musu AmBisome na ƙarin ruwa da ƙwayar miltefosin. Shi ɗan'uwan namu sai da CD4 ɗinsa ya ɗaga sannan dawowar ta tsaya, yanzu yana noma dawarsa. Na kawo wannan ne don mai tambaya ya ga ba shi kaɗai ba ne kuma ba wai maganinsa ne ba ya aiki ba. Ku can Najeriya ba wannan ciwon ne ya dame ku ba, naku maleriya ce, amma tushen ɗaya ne.

Anti Ungozoma:

Ni duk kun tsaya kan maigida kun manta da mai cikin, ita ce ta fi tayar min da hankali. Malam don Allah amsa min, ita tana shan nata Septrin ɗin ko ita ma ta bi sahunka ta ajiye? Don na san halin gida, in miji ya ce wannan ba shi da amfani shike nan.

Ga dalilin da ya sa nake tambaya. Ƙwayar maleriya tana son mabiyiya, can take taruwa ta manne, uwa ma wani lokaci ba ta jin zazzaɓi amma jininta na ƙarewa jariri kuma ya fito ƙarami. A al'ada 'yar cikin fari ce ta fi shan wahalar wannan, in mace ta haihu sau biyu sau uku jikinta ya koyi kare mabiyiyar. To kanjamau tana goge wannan koyon, sai ki ga mai ciki na biyar tana fama kamar 'yar fari. Shi ya sa ba ma wasa da su.

Abu na biyu kuma ku riƙe shi da kyau. A awo ana ba masu ciki Fansidar, ƙwaya uku a sha a gabanmu, daga wata na huɗu. Matar da ke shan Septrin kullum ba a ba ta Fansidar, dangin juna ne, haɗa su na iya jawo mummunan ƙurji da saɓar fata, kuma Septrin ɗin ya riga ya tsaya a madadinsa. Matsalar ita ce mata da yawa suna karɓar maganin kanjamau a wani asibiti can nesa don kada a gan su, su zo awo a na unguwa su yi shiru, mu kuma ba duba muke ba, sai mu miƙa mata Fansidar. Ko ba za ta gaya wa kowa ba ta ja ungozoma gefe ta raɗa mata. Haka maganin ƙarin jini da muke bayarwa, in za ta sha shi lokaci ɗaya da TLD to ya zama tare da abinci, in ba haka ba ta raba su da sa'o'i, don ƙarfen da ke ciki yana riƙe maganin ya hana shi shiga jini yadda ya kamata. Kuma gidan sauro ba na ado ba ne, ku shiga ku biyun. Kashin magen nan kuma kada ta ƙara kwashe shi da hannunta har ta haihu.

Malamin Lab:

Anti na gode, kin tuna min batun mage da na bari. Ba camfi ba ne ɗan'uwa amma ba yadda aka gaya maka ba ne kuma. Akwai ƙwaro mai suna tokzoplasma, ana samunsa daga kashin mage da ƙasar da ta yi kashi a ciki, da naman da bai dahu ba musamman na tumaki da awaki, irin tsiren da aka ɗauke cikinsa da sauran ja. Mutane da yawa sun riga sun kamu tun suna yara ba su sani ba, yana nan kwance cikin ƙwaƙwalwa a ƙulle, CD8 da CD4 da intaferon ɗin nan su ke zaune a bakin ƙofarsa. In CD4 ya yi ƙasa da 100 sai ya farka, ciwon kai mai tsanani, ruɗewa, ɓarin jiki ɗaya ya mutu ko mutum ya fara jijjiga kamar mai farfaɗiya, a nan ne ake cewa aljanu ne ko sammu a ɓata kwanaki ana hayaƙi. To ka ga korar magen ba ta fitar da wanda ke ciki tuntuni. Septrin ɗin da ka ajiye shi ne ke hana shi farkawa. A dai riƙa kwashe kashin kullum kafin ya kwana biyu, wani ya kwashe ba kai ko madam ba, a wanke hannu, nama ya dahu.

Dan Tasha kuma, ba faɗa. Maganin maleriyar da ake sha yanzu ma daga wani ganye dangin tazargade aka ciro shi a Caina, matar da ta jagoranci aikin Tu Youyou har kyautar Nobel ta samu a 2015. Amma an auna shi ne an san adadinsa, tafasasshen ganye ba ka san nawa ka sha ba, kuma mai CD4 131 ba shi ne wurin gwaji ba. Kanwa kuma ga mai gudawar sati uku, a'a don Allah. Wani abin da ya fi ganye ba ni tsoro shi ne ƙwayoyin ƙiba, sha ka fashe, da masu cutar nan ke saya don a daina cewa sun rame. Akwai wata tsutsar ciki siririya da ke shiga ta fatar ƙafa, abin mamaki kanjamau kanta ba ta cika sa ta haukace ba, amma deksametason da ke cikin irin waɗannan ƙwayoyin yana kwantar da ɓangaren garkuwar da ke riƙe tsutsa, sai ta bazu har huhu. Tsargiya ta hanji ma tana da nata salon, a Kisumu ta Kenya an ga masu wankin mota a bakin tafki waɗanda CD4 ɗinsu ya faɗi ƙwan tsutsar ba ya fitowa sosai a bayan gidansu, don sai da taimakon garkuwar jiki ƙwan ke huda hanji ya fito, sai gwaji ya nuna kaɗan alhali tana nan. In kana shiga ruwan fadama ko na noman rani ka faɗa wa likita shi ma.

Bawan Allah:

Jama'a na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri, wallahi jiya ban yi barci ba sai da na karanta duka sau biyu. Yau da safe na je asibiti na faɗi gaskiya, an yi min faɗan kamar yadda Maman Biyu ta ce, har da tambayata ko ni ne likitan. An mayar da ni kan Septrin, likitan ya rubuta gwajin rinin nan ya ce in kai bayan gida har sau uku a ranaku daban, an kuma karɓi majina da fitsari don duba tarin fuka. Anti Ungozoma kin canka, ita ma ta ajiye nata tun da ta ga na ajiye, kuma awo a wani wuri take zuwa daban ba su san komai ba, ta ce sau ɗaya an ba ta ƙwaya ukun nan ta sha watan jiya. Gobe tare za mu je in sha Allah ta yi musu bayani. Magen dai yara sun ce ba inda za ta, na ɗora wa babban aikin kwashewa.

Saura abu ɗaya, da na sha Septrin ɗin ɗazu da rana ina jin ɗan ƙaiƙayi a damtse amma ban ga ƙurji ba, zafi ne ake yi ko shi ne abin da Anti ta ce? In jira zuwa goben ko in koma yau?